Karatu a Kan Gadon Jinya: Amsar Tambayoyinku

Wasiƙu uku muka ɗauka a wannan fitowa, duk daga Jos, kuma dukansu a kan yadda rashin lafiya ke shiga tsakanin mutum da littafinsa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. A Janairu na ɗauki alƙawarin karanta littattafai 24 a bana, na sa a manhajar Goodreads. Zuwa ƙarshen Mayu na gama 10. A watan Yuni taifot ya kwantar da ni, mako uku ban buɗe littafi ba. Na warke, amma da na yi shafi biyu sai kaina ya yi nauyi. Ga Yuli ya ƙare ina da 11 kacal, manhajar tana nuna ana bi na bashin littattafai uku. In haƙura da bana ne? Daga wata malamar firamare, Unguwar Rogo.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Sannu da jiki, Allah ya sa kaffara ne. Kada ki haƙura tukuna, bari mu zauna mu yi lissafi, domin manhajar ba ta san kin kwanta ba. Abin da take yi kawai shi ne raba 24 a kan kwanakin shekara, ta ga ya kamata a ce kin kai 14 a ƙarshen Yuli.

Ki daina ƙirga littafi, ki koma ƙirga shafi. Mu ɗauka kowane littafi shafi 250 ne. Alƙawarinki na farko shafi 6,000 ke nan, kusan shafi 17 a rana. Yanzu saura littattafai 13, wato shafi 3,250, kuma daga 1 ga Agusta zuwa 31 ga Disamba kwana 153 ne. Idan kin raba, shafi 21 da ɗoriya ne a rana. Bashin da ya tayar miki da hankali bai wuce ƙarin shafi huɗu zuwa biyar ba, abin da mai lafiya zai karanta kafin ruwan shayi ya huce.

To amma gobe ba da shafi 21 za ki fara ba. A nan ne yawancin masu tashi daga jinya ke yin kuskure: su ɗauko littafin da suka bari, su yi zaman awa biyu don su rama, washegari kai ya sara, sai a jingine littafin har wata guda. Gajiyar taifot takan ɗauki makonni bayan zazzaɓi ya sauka, kuma ƙwaƙwalwa na cikin abin da ke jinkirin dawowa. Ki hau a hankali. Makon farko shafi 5 a rana, da hantsi bayan kin karya, lokacin da jiki ya fi ƙarfi. Mako na biyu shafi 10, biyar da safe biyar bayan la'asar. Na uku 15. Wannan ya ba ki shafi 210. Sauran 3,040 a kwana 132 da suka rage zai zama shafi 23 a rana. Idan a kowane mataki kika ji kan ya sara, ki tsaya a matakin na wasu kwana uku kafin ki ƙara.

In kuma 23 ya yi yawa, musamman da za a koma makaranta a Satumba ga makin jarrabawa a Disamba, ki shiga manhajar ki mayar da adadin 20. Ana iya canza shi a kowane lokaci. Da 20, shafi 16 ne a rana bayan makonnin ukun nan, ƙasa ma da abin da kika saba kafin ciwon. Mu dai wannan muka fi so miki.

Sai batun abin da za ki karanta. Littafin da kika bari a tsakiya kafin ki kwanta, ki ajiye shi. Sunaye da zaren labarin sun kuɓuce miki, ƙoƙarin tuno su shi ne rabin nauyin kan da kike ji. Ki ɗauko wanda kika taɓa karantawa kika ji daɗinsa, ko tarin gajerun labarai da kowanne ke ƙarewa a shafi shida ko takwas. Maimaici ma karatu ne, kuma manhajar za ta ƙirga shi idan kin sa sabuwar ranar kammalawa. Wasu kan bi ta bayan gida su tara 'yan ƙananan littattafai masu shafi 30 don lamba ta cika. Ba haramun ba ne, amma wa ake ruɗa?

Baɗi idan Allah ya kai mu, ki yi lissafin a kan mako 46 maimakon 52. Makonni shidan nan na mura ne da zazzaɓin damina da biki da azumi.

TAMBAYA: Ina fama da ciwon suga, shekaruna 58. Kowace shekara nakan sauke Alƙur'ani a mushafi. Bana an kwantar da ni kwana goma, da na fito sai rubutu ya riƙa yi min dishi-dishi, wata rana ya washe, wata rana ya koma. Zan sayi sabon tabarau a kasuwar Terminus ne? Daga wani dattijo, Gangare.

AMSA: Baba, Allah ya ƙara sauƙi. A dakata da sayen tabarau. Gani da ke washewa yau ya dushe gobe, a wurin mai ciwon suga, sau da yawa daga hawa da saukar sugan ne. Idan suga ya hau, ƙwayar da ke daidaita gani a cikin ido tana kumbura, ta koma daidai idan ya sauka. Tabarau da aka zaɓa a irin wannan lokaci ba zai yi amfani ba bayan wata guda. A bari suga ya zauna na 'yan makonni, sannan a je asibitin ido a auna, a kuma nemi a sa maganin buɗe ido a duba bayansa, abin da ake so mai suga ya yi sau ɗaya a shekara ko da yana gani tar. Amma idan gani ya ɗauke farat ɗaya, ko aka ga baƙaƙen ɗigo suna yawo da yawa, ranar za a tafi, ba jira.

Kafin nan, lissafin yana tare da ku. Mushafin bugun Madina shafi 604 ne. Shafi biyu a rana, ɗaya bayan asuba ɗaya bayan magariba, yana kai wa ga sauka a kwana 302, shekarar Musulunci kuwa kwana 354 ce ko 355. Rarar kwana hamsin da wani abu ke nan. A nemi mushafi mai manyan baƙi, ko a ƙara girman rubutu a waya. Ranar da idon ya ƙi, a kunna karatun wani alaramma a bi shi da baki. Ya kuma tabbata a hadisin Bukhari cewa wanda ciwo ko tafiya ta hana shi aikin da ya saba, ana rubuta masa ladan kamar yana yi.

TAMBAYA: Duk sanyin Disamba sai mura ta kama ni. Ina kwance ina son karatu a waya, amma barci ke sace ni ko idona ya yi zafi. Yaya zan yi? Daga wani ɗalibi, Bukuru.

AMSA: Ɗan'uwa, fara duba takardar maganin murar da kake sha. Da yawa suna ɗauke da sinadarin chlorpheniramine, wanda ke cikin Piriton, kuma aikinsa har da sa barci. Idan barcin ya zo, ka bar shi ya zo, ya fi babi uku amfani a jikinka. Ka yi karatun kafin shan maganin.

Zafin ido kuwa, mai kallon waya yana rage ƙifta ido, ga busasshiyar iskar hunturun Jos. Duk minti 20 ka ɗaga kai ka kalli wani abu mai nisan kamar mita 6 na daƙiƙa 20. Ka rage hasken waya, ka ƙara girman rubutu, ka bar fitila a kunne a ɗakin, ka jingina da matashi biyu maimakon kwanciya rigingine da waya a saman fuska.

Ranar da zazzaɓi ya kai maki 38 a ma'aunin zafin jiki, ka koma sauraro. Akwai littattafan Hausa da yawa da aka karanta da murya a YouTube. Ka sauke tun kana da data da caji, ka saita ya kashe kansa bayan minti 15, in ba haka ba ka farka an wuce babi goma ba ka san inda ka tsaya ba.

Abu ɗaya da ba mura ba ne: ciwon kai mai tsanani tare da zazzaɓi, wuya ya riƙe, haske yana sukar ido. Alamun sanƙarau ke nan, wanda ya fi yawa daga hunturu zuwa bazara. Wannan na asibiti ne nan take.