Hukuncin buga zanen barkwanci a jikin riga ana sayarwa

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah gafarta malam. Ni matashi ne a nan Damagaram, ina zane a waya da kwamfuta sai in kai a buga mini a jikin tishat in sa a WhatsApp da Facebook ana saye, yawanci samarin fada ne da ɗalibai. Zanen na ban dariya ne, kamar akuya ta sa tabarau tana tuƙa kabu-kabu, ko butar shayi an rubuta "ba tashi sai na uku". To wani abokina ya ce haramun nake ci saboda hoto. Kuma yanzu wani ya ba ni aiki in zana mutum yana fifita ana jiran a kawo wuta, in rubuta Innallaha ma'as sabirin a ƙasa. Malam ina matsayin sana'ar nan?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana Allah ya yi ma neman ka albarka. Asalin sana'ar halal ce, riga ce ka saya ka ƙawata ka sayar, babu nassin da ya hana. Abokinka ya kama maganar hoto ya riƙe, ni kuwa abin da ya fi tsaya mini a rai a tambayar taka rubutun ne.

Maganar hoto ba daga kansa ya ƙago ta ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito wani ya zo wajen Ibn Abbas ya ce da zanen hotuna yake ci, Ibn Abbas ya karanta masa azabar da aka yi wa masu sura alkawari, da ya ga hankalin mutumin ya tashi sai ya ce in dai dole sai ka yi to zana itace da abin da ba shi da rai. Kan wannan da hadisin labule mai hotuna da Nana Aisha ta rataya Annabi (SAW) ya ƙi shi ne malamai da yawa, irin su Imam Nawawi, suka ce zanen mai rai haramun ne ko a takarda ne ko a tufa.

Amma mu nan fiƙihun Malikiyya aka karantar da mu a zaure, kuma malaman mazhaba irin su Shehu Dardir sun rarrabe. Wanda suka haramta shi ne surar mai rai wadda take da jiki har tana yin inuwa, gaɓoɓinta kuma a cike, wato mutum-mutumi. Wanda yake shafe a takarda ko bango ko ƙyalle makaruhi ne in an ɗaukaka shi, in kuwa a abin da ake takawa ne ko ake zama a kai to barinsa dai ya fi. Daga hujjojinsu akwai hadisin Zaid bin Khalid daga Abu Ɗalha cewa mala'iku ba sa shiga gidan da yake da sura, sai Zaid ya yi rashin lafiya aka je gaishe shi aka tarar da labule mai hoto a ƙofarsa, Busr bin Sa'id wanda ya ruwaito hadisin daga Zaid ya yi mamaki, Ubaidullahil Khaulani ya ce masa ba ka ji lokacin da Zaid ya ce sai dai zane a jikin tufa ba? Wannan ma yana cikin Bukhari da Muslim. Saboda haka akuyarka mai tabarau ban ce haramun ba ce, kuɗinta ba haramun ba ne, karhanci ne a kanta, kuma saɓanin na gaske ne kada ka raina wanda ya bar ta don tsantseni. Butar shayi da kabu-kabu babu direba da rubutu zalla kuwa babu mai magana a kansu, in za ka yawaita irinsu ka huta.

Sallah da rigar ta inganta amma an karhanta. Annabi (SAW) ya yi sallah da mayafi mai zane-zane, da ya sallame ya ce a mayar wa Abu Jahm a karɓo masa marar zane don ya ɗauke masa hankali. To ina ga wanda yake sahu na biyu ya ɗaga kai ya ga akuya a kan babur a gadon bayanka? Ka riƙa gaya ma masu saye su ɗora wata riga in za su masallaci.

Wancan aiki na jiran wuta kada ka karɓa ko nawa zai biya. Na san mai shi ba Alƙur'ani yake nufin ya wulaƙanta ba, zafi ne ya ishe shi kamar kowa, shi ya sa ban kafirta kowa ba, amma an ɗauko maganar Allah an mai da ita abin da za a ƙyalƙyale da dariya a kai, kuma ayoyi na 65 da 66 a suratut Tauba sun sauka ne kan mutanen da suka yi irin wannan a tafiyar Tabuka da aka tambaye su suka ce hira kawai muke muna wasa, ba a karɓi uzurin ba. Ka kuma bi rigar ka ga inda take zuwa: da ita za a shiga ban-ɗaki, ta sha gumi, mai wanki ya cuɗa ta da ƙazaman kaya, in ta tsufa ta koma tsumman goge babur, ayar tana nan a jiki. Zanen mai fifita ba laifi, canza rubutun kawai, Hausa ba ta rasa abin faɗa kan haƙuri ba. Haka duk wata ba'a da gemu ko hijabi ko liman ko aljanna da wuta.

Dariya ita kanta ba a hana ba, Annabi (SAW) yana raha, ya ce sai dai ba ya faɗin komai sai gaskiya, Tirmizi ya kawo. Ba kuma nufin akuya mai tuƙi ƙarya ce ba, kowa ya san zane ne ba labari ba. Ƙaryar da aka yi wa narko ita ce ka jingina ma wani abin da bai yi ba don a yi dariya. Nan ne zan ja maka kunne kan wasan taubasai, don na ga ana buga irin na Fulani da Barebari. Wasa ne mai kyau da ya riƙe zumunci a ƙasar nan har UNESCO ta sa shi cikin al'adun gado a 2014, amma baki da baki ake yin sa da wanda zai rama nan take a tashi ana dariya. Riga kuwa tana shiga kasuwar Dole ta hau mota ta tafi Kano, mai karantawa bai san kai taubashin kowa ba ne, zagi kawai zai gani. Aya ta 11 a suratul Hujurat ta hana izgili da jifa da laƙabi, don haka wanda ya taɓa ƙabila, ko makafi da guragu, ko fuskar wani sananne ana muzanta shi, bar shi. Na batsa da zanen tsiraici ba sai na faɗa ba. Abin da aka kawo maka da Faransanci ko Turanci kada ka buga sai ka san ma'anarsa.

Abu na ƙarshe ba ka tambaya ba amma ya shafe ka, kwaso zanen wasu a intanet. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi a zamanta na Kuwait a 1988 ta yanke cewa haƙƙin ƙirƙira dukiya ce da shari'a ta kare, ba ya halatta a taɓa shi. In mai zanen sayarwa yake to saya ko ka nemi izini, kada ka goge sunansa ka sa naka, in kuwa ya sake shi kyauta ga kowa ka duba ko ya yarda a yi kasuwanci da shi.

Wallahu a'alam.