Tambaya da Amsa: Manazartata sun cakuɗe a Zotero

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina rubuta kundin digiri na biyu, kuma littattafai da maƙalun da na tara a manhajar Zotero sun cakuɗe, har wasu suna fitowa sau biyu a jerin manazarta. Idan maƙala ɗaya ta shafi babi na biyu da na huɗu, sai na shigar da ita sau biyu ne? Kuma yaya zan haɗa littafi da sharhin da aka yi masa? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Kada ki shigar da aiki ɗaya sau biyu, domin daga nan matsalarki ta samo asali. Zotero, manhajar tattara manazarta da tsara ambatonsu, wadda aka fara fitarwa a 2006 daga Jami'ar George Mason ta Amurka, rumbu ɗaya take ajiye komai a ciki, jakunkunan da kike buɗewa a gefen hagu kuwa nuni kawai suke yi zuwa ga abin da ke rumbun. Saboda haka ki buɗe wa kowane babi jakarsa, ki ja maƙalar ki saka a duka biyun. Tana nan guda ɗaya, kuma gyaran da kika yi mata a jaka ɗaya zai bayyana a ɗayar.

Waɗanda suka riga suka shiga sau biyu su ne ke bukatar taka-tsantsan. Wasu ɗalibai sukan goge ɗaya, alhali mai yiwuwa wadda suka goge ita ce suka riga suka ambata a cikin kundin, sai igiyar da ta ɗaure ambaton da rumbu ta tsinke, aiki ɗaya ya riƙa fitowa tamkar ayyuka biyu. Ki shiga sashen Duplicate Items, inda manhajar ke jera ayyukan da suka maimaitu, ki zaɓi wadda bayananta suka fi cika, ki haɗe su, domin haɗewa tana kiyaye ambaton da ke cikin kundinki na Word tare da jakunkuna da laƙabobin (tags) kowacce.

Batun littafi da sharhinsa mai sauƙi ne. Sashen Related yana ƙulla ayyuka biyu ta yadda kowanne zai nuna ɗan'uwansa, sai dai wannan alaƙa taki ce ke kaɗai, ba ta fitowa a manazarta.

Inda nake ganin masu nazarin Hausa suka fi tuntuɓe shi ne sunayen marubuta. Tsofaffin littattafan da aka buga a Zariya da kundayen jami'o'inmu galibi ba su da lambar ISBN ko DOI, wato lambobin shaidar littafi ko maƙala da manhajar ke jawo bayanai da su, dole da hannu za ki shigar da su. Idan kika rubuta sunan marubuci da ƙ a wani wuri, da k a wani, ko kika sa sunan garinsu a gaba yau, gobe sunan mahaifinsa, manhajar za ta ɗauka mutum biyu ne, ta raba ayyukansa a jerin. Ki tsayar da siga ɗaya ga kowane suna tun yanzu.

Idan malamin da ke duba aikinki ya nemi kwafi marar alaƙa da manhajar, ki fara adana kwafi na daban kafin ki taɓa maɓallin Unlink Citations, domin da zarar an warware alaƙar aka adana, ambato ya koma rubutu zalla, kuma sauya salon ambato zuwa APA ko wani sai da hannu.