Amsa ga Hajiya mai turaren wuta: manhajar haɗa talla a waya

Wa'alaikumus salam Hajiya. Kin tambaya wace manhaja za ki riƙa haɗa hoto da bidiyon tallar turarenki da ita, tunda waya kaɗai gare ki. Shekara huɗu ke nan ina yi wa masu shaguna wannan aiki a nan Garwa ta Kamaru, kuma da waya na fara.

Hoto dai Canva ta ishe ki, ta kyauta ma, amma tana son intanet. Bidiyo kuwa CapCut, ita ko ba data za ki yanka ki haɗa.

Inda nake so ki kula sosai shi ne rubutu. Mu nan talla ɗaya sai ta ɗauki Hausa da Fulatanci da Faransanci, kuma ba kowane salon rubutu ne ke da ƙ da ɗ da ɓ ba. Na taɓa haɗa wa wata mai humra talla, na rubuta "ƙamshi mai daɗi", a idona lafiya lau. Sai da aka buga a babbar takarda na ga ƙ ɗin ya fita dabam da sauran baƙaƙen, siriri, ya karkace. Daga aljihuna na biya aka sake bugawa. Tun ranar na riƙe salon rubutun da ake kira Noto Sans, yana ɗauke da namu da na Fulatanci duka. Ki kuma ƙara Hausa a Gboard, wato allon rubutu na Google a waya, don baƙaƙen su fito miki.

Sai ajiya, wadda ita ce ta fi ci mini rai. Wayata ta taɓa faɗawa ruwa da damina, aikin shekara biyu ya tafi, har tambarin shagunan mutane. Google na ba kowa gigabayit 15 kyauta, amma Gmail da Drive da Photos ke raba shi. Ki buɗe jaka (folda) a Drive, ma'ajiyar fayiloli ta Google, kowane kaya da tasa, ki sa wa hoto suna da kwanan wata. Idan za ki tura wa mai bugawa ta WhatsApp, ki tura a matsayin takarda (Document), in ba haka ba zai matse hoton ya dushe.

Ga kuma matsalar wuta: ranar da aka kawo, ki zauna ki haɗa tallar mako guda, ki jera su a manhajar Meta Business Suite, ta riƙa sakin su a Facebook a lokacin da kika tsara. Ni bayan Isha'i nake sa nawa, lokacin mata sun gama aikin gida sun ɗauki waya.

Turo hoton kwalba ɗaya nan, ki ɗauka da safe kusa da taga a kan farin ƙyalle, in nuna miki yadda ake farawa. Allah ya sa albarka a kasuwa.