Amsa kan ciro jijiyar ƙafa don aikin zuciya

Wa'alaikumus salam, ƴar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya. Kin ce likita ya ce za a ciro jijiya daga ƙafarsa a yi wa jinin zuciya sabuwar hanya, kina tambaya ko ƙaramin yanka na kyamara ya fi dogon yanka. Duka biyun na gani a gidanmu nan Birni.

Mahaifinmu dogon yanka aka yi masa a ƙasar waje, daga idon sawu har sama da gwiwa. Yana da ciwon sukari. Wallahi ƙirjin da muke tsoro ya warke lafiya, ƙafar ce ta wahalar da mu. Muka dawo Damagaram ana tsakiyar zafi, miki ya yi ruwa, kullum muna hanyar wankin miki, zaman tahiya ma ya gagare shi sai a kan kujera.

Yayana kuwa da kyamara aka yi masa. Ƴar ƙofa ce kusa da gwiwa, kamar santimita 2, sai su zura siririn bututu, su hura iska a ƙarƙashin fata don su gani, su zaro jijiyar. Ya ɗan kumbura, ya sa safa mai matse ƙafa, shi ke nan.

Amma kada a ruɗe ki da na'ura. Jijiyar nan ita za ta ɗauki jinin zuciyarsa shekaru, in an ja ta da ƙarfi an ƙuje ta, tana iya toshewa da wuri. Wani bincike na 2009 ya tayar da wannan fargaba. A 2019 aka fitar da wani daga Amurka kan mutum 1150, inda ƙwararru kaɗai suka yi cirar: ta fuskar zuciya ba a ga bambanci ba, ciwon miki kuma ya fi sauƙi ga ƴan kyamara. Don haka ki tambaye su kai tsaye, ba kunya: wa zai ciro jijiyar, sau nawa ya taɓa yi? In hannunsa bai saba ba, ni dai gara dogon yankan.

Batun ko zai iya tafiya da ƙafar bayan an ciro jijiyar, ki kwantar da hankalinki, jijiyoyin can ciki suna karɓar aikin. Ya riƙa ɗora ƙafar kan matashi in ya zauna, a lura da sukarinsa. In kika ga ja, zafi ko ruwa a mikin, ku tafi asibiti ranar, kada a shafa masa komai a gida.