Agogon Baba ya tsaya, mai gyara ya ce a cire injin a sa na batir

Assalamu alaikum Gwaggo, dan Allah shawara nake nema. Mahaifinmu ya rasu bara a nan Garwa, cikin abin da ya bari akwai agogonsa Seiko 5 da ya sayo a Makka lokacin da ya je Hajji tun ba a haife ni ba, irin mai nuna ranakun mako da Larabci ɗin nan, kuma wallahi tunda na yi wayo ban taɓa ganin hannunsa babu shi ba sai in zai yi alwala ya cire ya jefa aljihu. Yanzu ya tsaya, in na girgiza shi ya ɗan yi tafiya sai ya sake tsayawa, gilashin duk ya karce fuskar ta koɗe. Na kai wa wani mai gyara a kasuwa ya ce injin ya mutu, zai cire ya sa min na batir a sefa dubu biyar, ya yi wa fuskar fenti ya dawo sabo fil. Yayana kuma cewa yake asarar kuɗi ce a sayar a raba kowa ya huta, ƙannenmu mata biyu ba su ce komai ba, Inna ma shiru. Ni kuwa so nake in gyara in ɗaura, wata rana in ba ɗana mai sunan Baba. Ya zan yi?

Ɗanki daga Garwa

Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya jiƙan Baba ya sa Aljanna ce makomarsa.

Kafin maganar gyara, agogon nan fa har yanzu ba naka ba ne, na magada ne gaba ɗaya, Inna tana da tumuni a ciki, ƙannenka mata ma da rabonsu, kuma shirun da suka yi kar ka ɗauka sun yafe, sau da yawa kunya ce kawai take hana mace magana a gaban yayyenta. Yayanka ma ba mugunta yake ba, haƙƙinsa yake nema. Ku zauna da malamin da ya raba muku gado a yi wa agogon kuɗi, kai ka saya ka ba kowa nasa, wanda ya ce ya bar maka da bakinsa ka gode masa. Kuɗin ba zai yi yawa ba don Seiko 5 ba agogon masu hannu da shuni ba ne.

Shi kuwa mai gyaran nan, kar ka yarda. Agogon da aka girgiza ya yi tafiya bai mutu ba. Kamfanin Seiko na Japan tun 1963 yake yin irinsa kuma ba ya aiki da batir, akwai wani ƙarfe mai siffar rabin faifai a ciki, motsin hannunka ne yake juya shi, shi kuma ya wana sifirin. Shekaru da zafin Garwa na watan Maris da Afrilu sukan busar da man da ke ciki, ƙurar hunturu ta shiga ta haɗu da shi ta daskare, to shi ne yake tsayawa. Ka daina girgiza shi ma haka nan, ƙarfe ne yake cin ƙarfe babu mai. Abin da yake buƙata a kwance injin ɗaya bayan ɗaya a wanke a sa sabon mai a canza robar murfi. In aka cire injin nan aka sa na batir, gangar jiki kawai za ka ba ɗanka, kuma shi mai gyaran ne zai ci ribar injin da ya ce ya mutu.

Gilashi a canza ba komai, amma fenti a'a. Wannan koɗewar ranar da Baba ya sha ce, ni dai ba zan so a shafe ta ba.

Ka nemi dattijon mai gyara wanda ya yi zamani da agogon da ake wanawa, za ka gan shi da ɗan tabarau a ido ɗaya, in babu a Garwa ka tambaya a Marwa ko Gaundare, ko ka ba amintacce mai zuwa Kano. A buɗe a gabanka, ka ɗauki hoton injin da lambar da ke bayan murfi da wayarka (a lambar siriyal, ta farko ita ce lambar ƙarshe ta shekarar da aka ƙera shi, ta biyu wata), kuma ku yi da shi duk abin da ya cire ya dawo maka da shi a leda. Kar ka cika kuɗin aiki sai ka ɗaura shi kwana biyu uku ka ga tafiyarsa, in ya ɗan yi gaba ko baya da ƙasa da minti ɗaya a rana ba matsala ba ce ga tsohon agogo.

Bayan gyara ka riƙa cire shi in za ka yi alwala ko da an rubuta ruwa ba ya shiga, kuma kar ka gyara kwanan wata tsakanin tara na dare da uku na asuba, lokacin haƙoran ciki suna kan juya ranar, za ka iya karya su. In kun zauna da 'yan'uwan ka sake rubuto min in ji yadda kuka ƙare.

Gwaggonka