Tambaya da Amsa: Yadda Ake Maganin Tsatsa a Jikin Tsohuwar Mota

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Peugeot 504 wadda fentinta ya fara kumbura ƙuraje-ƙuraje a ƙasan ƙofofi da bakin madigadi. Mai gyaran bodi ya ce zai goge wurin, ya shafa fila (ƙullin da ake cike lotsawar bodi da shi), ya fesa fenti. Hakan zai wadatar?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka yarda a shafa komai sai an ga abin da ke ƙarƙashin fentin. Tsatsa tana samuwa ne idan ƙarfe ya haɗu da ruwa da iska, kuma ta fi ƙarfen da ta cinye cin wuri, shi ya sa take ɗaga fenti. A ƙasan ƙofa da bakin madigadi, yawanci daga ciki take farawa, inda laka da ruwa ke kwanciya. Kafin ka ga ƙurji a waje, sau da yawa ta riga ta huda farantin. Abin da ido ya gani kaɗan ne kawai daga ɓarnar.

A goge wurin da giranda har ƙarfe ya fito fili, a ci gaba da faɗaɗawa sai an kai inda yake fari tas ta kowane gefe. Sai a ɗauki sukuddireba a danna da ƙarfi. In ƙarfen ya tsaya daram, tsatsar ta sama ce, gogewa da maganin tsatsa sun isa. In ya lotsa, ko ya yi ƙananan huji, ko ka haska tocila ta baya haske ya ɓullo, babu abin yi sai yankewa. A yanke a wuce iyakar tsatsar da kamar santimita 2 zuwa 3, a cikin lafiyayyen ƙarfe, a walda sabon faranti.

Dalilin da ya sa muke ƙin fila a kan huji shi ne filar bodi tana shan danshi. Bayanta a buɗe yake ga ruwan da ke cikin ƙofa, sai ta jiƙa, ƙarfen da ke kewaye ya ci gaba da ruɓewa, ƙurajen su dawo sun fi na da girma. Aikin fila shi ne daidaita ɗan lotsawa a kan ƙarfe mai lafiya, kaurinta kada ya wuce milimita 3. Tun da motar ta daɗe, ka bi jikinta da ƙaramin maganaɗisu nannaɗe da ƙyalle. Duk inda ya ƙi kamawa, akwai tsohuwar fila mai kauri da wani ya ɓoye ɓarna da ita.

Tambaya: Ina koyon walda. Duk lokacin da na sa faci a jikin ƙofa, ko dai ƙarfen ya ƙone ya huje, ko farantin ya murɗe ya yi tudu da kwari. Ina kuskuren yake?

Amsa: Ɗan'uwa, matsalolin nan biyu uwarsu ɗaya, wato zafi ya yi yawa a wuri guda. Farantin bodin yawancin tsofaffin motoci kaurinsa tsakanin milimita 0.8 ne zuwa 1.2. Waldar lantarki ta sanda ta yi wa irin wannan ƙarfi. Waldar gas tana yi a hannun gwani, amma tana baza zafi da faɗi. Injin walda na MIG, mai turo waya da kansa, shi ne ya fi sauƙi, da siririyar waya ta milimita 0.6, da iskar argon mai gaurayen carbon dioxide, misali kashi 75 da kashi 25.

Fara da facin kansa. Auna kaurin tsohon ƙarfen ka samo daidai da shi, domin in facin ya fi kauri, tsohon ne zai narke kafin sabon ya kama. Zana siffar wurin a kwali, ka kwafa a faranti, ka lanƙwasa shi ya bi jikin motar kafin ka kunna inji. Ka yi kusurwoyin a zagaye, saboda kusurwa mai tsini tana tara zafi. Ka haɗa bakin faci da bakin bodi daidai wa daida, da ɗan tsaga da bai wuce milimita 1 ba. Mutane da yawa suna ɗora faci a kan tsohon faranti don ya fi sauƙi, amma tsakanin ƙarfen biyu ruwa zai maƙale, kuma daga nan sabuwar tsatsa za ta taso. A fatar waje ta mota ba mu son wannan haɗin ko kaɗan.

Wajen waldar, kada ka ja layi. Ɗigo-ɗigo za ka yi, kowane bai wuce daƙiƙa ɗaya ba. Sa ɗigo huɗu ko shida don riƙe facin, ka duba ko yana nan daidai da bodin, sannan ka riƙa tsallake-tsallake: ɗigo a nan, na gaba a can nesa, tazarar santimita 3 zuwa 5. Ka dakata har wurin ya huce yadda za ka iya ɗora hannu, ka sake zagayowa, har ɗigogin su haɗe su zama layi. Wannan yana cin lokaci sosai, kuma a nan masu gaggawa suke ɓata ƙofa.

Abin da ke murɗe faranti shi ne walda tana tsukewa idan ta huce, sai ta jawo ƙarfen da ke gefenta. In hannunka na kaiwa baya, tokare wurin da ƴar maƙerar hannu, ka bubbuga ɗigon da guduma a hankali, ya ɗan baje, tsukewar ta saki. In ka huda, kada ka bi hujin da wuta. Manna guntun jan ƙarfe a bayansa. Walda ba ta kama shi, kuma yana janye zafi, sai ka cike a kansa. Giranda ma tana kawo zafi, saboda haka ka goge kan waldar kaɗai, kaɗan-kaɗan, kada ka sirance farantin gefe.

Kafin duk wannan, cire kan batir, ka fitar da kafet da kujeru da duk wayar da ke kusa, ka kankare baƙin kwaltan da ake shafawa a ƙarƙashin mota domin yana kama wuta. In aikin kusa da tankin mai ne, a sauke tankin. Kada ka wanke ƙarfe da maganin wanke birki mai sinadarin kulorin sannan ka yi walda, zafin yana mai da shi iska mai guba. Haka hayaƙin ƙarfe mai rufin zinki yana sa zazzaɓi. Tsofaffin motoci kuma wasu an cike mahaɗansu da dalma, don haka ka rufe hanci da abin kariya mai kyau lokacin gurza.

Tambaya: Ruwan maganin tsatsa da ake shafawa wurin ya koma baƙi, yana aiki kuwa?

Amsa: Yana yi, amma a kan tsatsar sama kaɗai. Yawancinsu suna ɗauke da asid na fosforik ko tanik, wanda ke juya siririyar tsatsa ta zama baƙin rufi da ba ya ci gaba. Ba ya ratsa ɓawo mai kauri, kuma ba ya dawo da ƙarfen da ya tafi. Ka fara kankare ɓawon da buroshin waya, ka bi umarnin da ke jikin gwangwanin game da wankewa da bushewa, don ragowar asid na hana firama, wato shafin farko da ake yi kafin fenti, kamawa.

Tambaya: An canza wa Volkswagen Beetle ɗina dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofa, yanzu ƙofar ba ta rufuwa sai an ɗaga ta. Me ya faru?

Amsa: An yanke ƙarfen ba tare da an tokare bakin ƙofa ba. A Beetle wannan ƙarfen shi ne hanyar iskar ɗumi, kuma shi ke riƙe ginshiƙin gaba da na tsakiya. Da aka cire shi, bodin ya zauna, aka walda sabon a kan karkatar. Ƙa'ida ita ce a auna bakin ƙofa tsaye da kwance da kusurwa zuwa kusurwa, a rubuta, a walda sandunan ƙarfe a gicciye, a yi gefe ɗaya a gama kafin a taɓa ɗayan. A maƙala ƙofar a gwada ta tun waldar tana matakin ɗigon riƙo. A duba hinjin tukuna, wataƙila ya ci. In lafiyarsa lau, sai an saki waldar, a tura bodin da jak ya koma awonsa, a sake haɗawa. Wannan ƙa'ida ta shafi irin su Mercedes W123 da 504, waɗanda bodinsu ne ke ɗauke da nauyin motar.

Tambaya: Bayan an gama walda, me ke biyo baya kafin fenti?

Amsa: Haska fitila ta bayan waldar a wuri mai duhu, duk ɗan hujin da ya nuna a cike shi da walda. Goge ƙarfen da samfefa mai lamba 80, ka wanke maiƙo, ka fesa firamar ifoksi sau biyu a ranar, domin ƙarfen da aka bari tsirara yana iya fara ja cikin dare ɗaya idan akwai danshi. Fila ta biyo baya, siririya, da maganin daskarewarta kamar kashi 2 cikin 100. In ya yi yawa yana iya tabo a fenti, in ya yi kaɗan ba za ta bushe sosai ba. Daidaita ta da lamba 80 sannan 180, ka fesa firama mai cikewa, ka bi da 320 zuwa 400 ko 600, sai fenti.

Bayan farantin shi ne wurin da aka fi mantawa, alhali zafin walda ya ƙone duk kariyar da ke can. Inda hannu ke kaiwa a shafa ifoksi, a toshe mahaɗa da gam ɗin bodi. Inda ba ya kaiwa, kamar cikin ƙofa da cikin ƙarfen ƙasa, a fesa kakin kariya da doguwar tiyo bayan an gama fenti, domin kakin na ɓata fenti in ya riga shi. A ƙarshe a buɗe ƙananan hujin zubar ruwa na ƙasan ƙofa da waya, a canza robar gilashi idan ta tsage, domin ta nan ruwan ke shiga tun farko.