Amsa ga mai son ɗaukar fim ɗin fashi a Birnin Kebbi da Argungu

Ɗan'uwa, ka ce labarinka na wani ɗan sanda ne da ke bin sawun masu fasa shaguna da dare, rubutun labarin shafi 80, kyamara ɗaya, kuma kana son gamawa cikin kwana goma tsakanin Birnin Kebbi da Argungu. Ka tambaya da me za ka fara. Fara da takardun izini, kyamara ta jira tukuna.

Fim ɗin soyayya in ka kafa kaya a bakin hanya, iyakarta yara su taru su cika ka da surutu. Fim mai kaki da bindiga ba haka yake ba. Mutanen yankin nan sun ga ta'asar 'yan bindiga da idonsu, wanda ya hango mutum huɗu a kan babura fuska a rufe ba zai tsaya tambayar ko wasa ake ba. Saboda haka rubuta wa kwamishinan 'yan sanda ta ofishin kakakin rundunar, ka haɗa da taƙaitaccen labarin, ranaku, wurare, sunayen masu sa kaki da hoton bindigoginka na bogi. A 2022 rundunar ta gargaɗi 'yan fim kan sa kakinta ba izini, kada wani ya ce maka ai kowa na yi. Idan amsa ta fito, kai kwafi wajen babban jami'in ofishin 'yan sandan yankin, sannan hakimi da mai unguwa. Shugaban 'yan banga kuwa ka je masa da ƙafarka, ka ɗauki yaransa biyu aikin tsare lokeshan, wato wurin ɗaukar fim, domin su ne ke sintiri da dare, kuma su ne za su fara afka muku in ba su sani ba. Ranar da za a yi sin ɗin fashi, wato ɓangaren fim ɗin da ake nuna fashin, a roƙi liman ya sanar bayan magariba.

Kakin soja, cire shi daga labarin gaba ɗaya. Jirgi marar matuƙi ma yana buƙatar izinin hukumar sufurin jiragen sama da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. In kuɗinka kaɗan ne, nemi bene ka ɗauko garin daga sama.

Bindiga, kafinta ya sassaƙa da katako, a shafa baƙin fenti marar ƙyalli, a cusa guntun ƙarfe a ciki. In ba nauyi, ɗan wasa zai riƙa jujjuya ta da yatsa biyu, mai kallo ya gane nan take. Mutum ɗaya ke riƙe da akwatinsu, ya ƙirga lokacin fitarwa, ya ƙirga lokacin mayarwa, takardar izini na cikin akwatin saboda shingen bincike. Kada a kunna wani abin fashewa don a samu ƙara. Tartsatsin wuta da ƙarar harbi duk a wajen editin, wato haɗa hoto da sauti a kwamfuta bayan ɗauka, ake sa su.

Lissafin kwanakinka bai yi ba. Shafi 80 a kwana goma shafi takwas ke nan kullum. Hirar ɗaki za ta yiwu haka, amma bin ɓarawo a lungu, shafi biyu kaɗai sai su cinye dare guda, don kowane kwana da aka sha sai an sake jera fitilu. Ka sa kwana 15 ko 16, ko ka rage wurare. Tara duk sina-sinan Argungu ka gama su a jere, ku kwana can. Kai-komo da jama'a kullum zai ci maka mai da safiya, tafiyar dare kuma ba ta da amfani.

Tsakanin Maris da Mayu zafi kan wuce digiri 40, ƙananan kyamarori su riƙa kashe kansu a tsakiyar ɗauka. Disamba da Janairu sun fi, hazon ma yana ba hoto irin duhun da wannan labari ke so, sai dai a riƙa sauya lensi, wato idon kyamara, a cikin mota gilashi a rufe, saboda ƙura. In akwai sin a bakin kogin Matan Fada na Argungu, gama shi cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma ka kauce wa makon bikin kamun kifi, masauki ma ba za ka samu ba.

Sauti ne ke kashe yawancin finafinanmu. Janareto ya yi nesa kamar mita 40, a bayan katanga, da waya mai kauri. Kafin ka zaɓi gida, zauna a ciki ka saurara, ko akwai injin niƙa ko makarantar allo a kusa. A tsara hutu da lokutan salla. Bayan kowane sin kowa ya yi shiru minti ɗaya a naɗi sautin wurin, mai editin zai yi maka addu'a. Saita kyamara a firam 25, wato hoto 25 a kowace daƙiƙa, da shata 1/50, wato tsawon lokacin da haske ke shiga kowane hoto, tunda wutar lantarkinmu mai juyawa sau 50 a daƙiƙa ce. Ƙaramin janareto ba ya tsayawa daidai, shi ya sa dogon ƙwai ke kyaftawa a hoto, fitilun LED masu batir sun fi kwanciyar hankali.

Jini kuma, a dafa sukari da ruwa har ya yi kauri, a sa jar kalar abinci da ɗan garin koko don ya yi duhu. Yana kiran ƙuda da tururuwa, a zuba shi dab da ɗauka. Rigar da za ta ɓaci a ɗinka uku iri ɗaya.

Kowane dare a kwafe abin da aka ɗauka a hadis biyu, wato faifan ajiya na kwamfuta (hard disk), kafin a goge katin kyamara, mutum biyu daban su riƙe. Ware kuɗin hukumar tace finafinai ta ƙasa tun yanzu, kuma in kana sa ran kasuwar Kano, can ma suna da tasu hukumar da sai ta duba.